Wa ya kawo ambaliya? Darasin sauyin yanayi a wani aji a Nima

Duk malamin da ya taɓa koyarwa a Nima ko Mamobi, unguwannin zango na birnin Accra a Ghana, ya san safiyar da ke biyo bayan ruwan dare a watan Yuni. Rabin aji sai an buga ƙararrawa ta biyu suke isowa, takalma a hannu, littattafai sun kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, kowane yaro da nasa bayanin yake shigowa, wanda ya tsinto a rediyon trotro, wato motar haya, ko a wajen mai koko. Wannan ya ce sauyin yanayi ne. Wancan ya ce gwamnati ce ta cinye kuɗin yashe kwata. Wata ta sunkuyar da kai ta ce an faɗa a rediyo mu 'yan zango ne muke zuba shara a magudana. Na can baya, wanda kullum ya fi kowa natsuwa, ya ce, "Malam, ruwa dai na Allah ne."

Duka huɗun akwai gaskiya a bakinsu, kuma wahalar darasin ke nan. Da ɗaya ne kawai ke da gaskiya, da minti goma ya isa a gama.

Galibin kayan koyarwar da malami zai samu a intanet kan siyasar sauyin yanayi da son zuciyar 'yan jarida, don yaran Amurka da Ingila aka tsara su. A can rigimar tsakanin waɗanda suka yarda duniya na ɗumama ne da waɗanda suka ce ƙarya ce. Suna da dalilinsu. Masanan kamfanin mai na Exxon sun yi hasashen ɗumamar tun ƙarshen shekarun 1970, wani bincike da ya fito a farkon 2023 ya nuna hasashen nasu ya yi daidai ƙwarai, alhali kamfanin ya shafe shekaru yana sa wa jama'a shakka. Donald Trump ya fitar da ƙasarsa daga yarjejeniyar Paris ta rage ɗumamar duniya, Joe Biden ya mayar da ita a 2021, Trump ya dawo ya sake sa hannu a kan ficewa a Janairun 2025. BBC ma sai a 2018 ta gaya wa ma'aikatanta cewa ba dole ba ne a nemo mai musun lamarin a zaunar da shi kusa da masani don kawai a ce an yi adalci.

Na taɓa ɗaukar irin wannan darasi na kai aji yadda yake. Na ba yara jaridun mako guda na ce su nemo mai musun sauyin yanayi. Ba su samu ko ɗaya ba, sai suka yanke hukunci cewa jaridun Ghana ba su da son zuciya a wannan fanni. Laifina ne, na aike su farauta dajin da babu naman. A ƙasar nan babu jam'iyyar da ke musun lamarin. Gwamnatin John Mahama ta jam'iyyar NDC ce ta sa hannu a yarjejeniyar Paris a 2016, Nana Akufo-Addo na jam'iyyar NPP kuma ya shugabanci ƙungiyar ƙasashen da sauyin yanayi ya fi yi wa barazana daga 2022. Kowa ya yarda. Son zuciyar namu a wani wuri yake kwana: in masifa ta auku, wa za a tsayar a gaban alƙali?

A ɗauki daren 3 ga Yunin 2015. Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, kogin Odaw ya cika ya batse, mutane suka fake a gidan mai da ke Kwame Nkrumah Circle, mai ya malala a kan ruwa, wuta ta kama. Mutum fiye da 150 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Yaran da ke ajina yanzu ba su yi wayo ba a lokacin, amma babu gidan da ba a ba su labarin ba. A kwanakin da suka biyo baya an gurfanar da mutum uku a kotun rediyo. Na farko sama, wato ruwan da aka ce ya wuce misali. Na biyu hukuma, da aka ce ta bar magudanai sun toshe. Na uku talaka, da aka ce ya yi gini a kan hanyar ruwa yana kuma zuba shara. NDC ke mulki, saboda haka bakin masu kare gwamnati ya fi karkata ga na farko da na uku, 'yan adawa suka riƙe na biyu. Kafin watan ya ƙare, motocin rusau sun shiga Old Fadama, unguwar talakawa da ke bakin Odaw.

Shekara takwas bayan haka, a Satumbar 2023, hukumar da ke kula da kogin Volta ta fara sakin ruwa daga madatsar Akosombo domin ruwan ya kusa kai iyakar da madatsar za ta iya ɗauka. Mepe da garuruwan da ke ƙasa da ita suka nutse, dubban mutane suka koma kwana a azuzuwan makarantu. A wannan karon NPP ce a kan kujera. Sai aka yi musayar baki: waɗanda suka yi ta kiran sakaci a 2015 suka koma maganar ruwan sama da sauyin yanayi, waɗanda suka kare gwamnati a da suka koma tambayar me ya sa ba a fara sakin ruwan da wuri ba, me ya sa ba a kwashe mutane ba. Laifi tudu ne. In na jera wa yara waɗannan shekaru biyu a allo, ba sai na ce komai ba, da kansu suke fashewa da dariya. Amfanin jera su tare kuwa babba ne ga malamin da ke koyarwa a unguwar da kowa ya san inda ƙuri'arta ke zuwa, domin babu yaron da zai koma gida ya ce Malam ya zagi jam'iyyar babansa ya ƙyale ɗayar.

Amma dariya ba ilimi ba ce. Abin da yaro ke buƙata bayan ta shi ne ya iya warware igiyar, ya gane wane zare ne na sama, wane ne na ƙasa. A nan ne nake daɗewa.

Akwai ɓangaren da ba na buɗe shi ga muhawara, kuma ina gaya musu hakan ƙarara. Iskar kabon da ke sararin samaniya ta tashi daga wajen kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420 a yau, kuma ƙona gawayin ƙasa da mai da gas ne ya kawo hakan. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi. Iska kuma in ta ƙara ɗumi da digiri ɗaya, tana iya riƙe ƙarin danshi wajen kashi 7 cikin ɗari, shi ya sa ruwan da a da zai sauka a hankali yake iya zubowa a sa'o'i kaɗan. Wannan awo ne, kamar awon tela. Ra'ayin mai kira a rediyo ba ya ƙara masa ko rage masa.

Sai ɓangare na biyu: ruwan in ya sauko, me yake tararwa? Ƙidayar 2000 ta samu mutum wajen miliyan 2.9 a yankin Accra da kewaye, ta 2021 ta samu sama da miliyan 5.4. Filayen da a da ke shanye ruwa sun zama siminti da tayil. Ruwan da ya sauka a tuddan Aburi da unguwannin da ke sama duk gangarowa yake, ya bi ta manyan kwatoci irin tamu ta Nima, ya faɗa Odaw, ya nufi tafkin Korle, ya tarar da yashi da leda sun cike hanya. Ko da yanayin duniya bai motsa ko taƙi ba, birnin da aka gina haka zai sha ambaliya. Ɗumamar duniya ƙarin kaya ce a kan jakin da tuni ya durƙusa. Don haka ɗan siyasar da ya ce sauyin yanayi ne ya yi shiru, bai yi ƙarya ba, rabin zance ya faɗa. Wanda ya ce sakaci ne kawai, shi ma rabi ya faɗa. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 a 2019 don gyaran magudanan yankin Odaw, Nima na cikin unguwannin da aikin ya shafa. Tambayar ina aikin ya tsaya tambaya ce ta ƙasa, ba a amsa ta da nuna gajimare.

Akwai masana da aikinsu ke nan, su auna ko sauyin yanayi ya ƙara wa wata masifa guda ƙarfi da kuma nawa ya ƙara. Sun duba zafin da ya addabi gaɓar tekun Afirka ta Yamma a Fabrairun 2024, suka ce ɗumamar duniya ta sa yiwuwar irinsa ta ninka wajen sau goma. Wannan misalin ya fi ambaliya shiga kan yara, ga mamakina. Ambaliya tana zuwa ta wuce da hotunanta, zafi kuwa ba ya ba mai kyamara abin ɗauka, saboda haka ba kasafai yake zama babban labari ba. Amma yaron da ke kwana da 'yan'uwansa shida a ɗakin kwano mai taga ɗaya, ga wuta an ɗauke, ya san shi fiye da kowane edita. Da na tambaye su sau nawa suka ji an yi shirin safe a kan zafin dare a zango, sai aji ya yi tsit. Abin da aka ƙi faɗa ma son zuciya ne, kuma ya fi wuyar kamawa.

Na uku cikin waɗanda ake tuhuma, wato talaka, shi ya fi damuna, domin iyayen ɗalibaina ne. Ba na ɓoye musu cewa ana zuba shara a kwata idan hadari ya haɗo, dukkanmu mun gani da idonmu, kuma ledar ruwan sha ba daga sama take faɗowa ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sai dai labarin ba ya cika sai an tambayi nawa mai aboboya, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, ke karɓa kafin ya kwashe buhun shara, da ko motar shara na iya shiga lungun da ko amalanke da ƙyar take wucewa. Sannan ina sa su lura da kalmomi. Talakan da ya kafa ɗakin katako a bakin Odaw, sunansa a labarai ɗan mamaya. Attajirin da ya cike fadamar Sakumono da ƙasa ya dasa jerin gidaje, sau da yawa sunansa mai zuba jari, alhali fadamar nan tana cikin wuraren da ƙasar ta yi alkawarin karewa a yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu. Duk biyun hanyar ruwa suka tare. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ranar ta ce, "Malam, ashe har sunan da aka kira mutum hukunci ne." Ban ƙara komai a kai ba.

Aikin da nake ba su mai sauƙi ne. Bayan babban ruwa, kowane rukuni ya saurari shirin safe na tasha guda, wasu na Turanci, wasu na Twi, wasu na tashoshinmu na Hausa, su rubuto wa aka kira, wa ba a kira ba, da kuma wa aka ɗora wa laifi. Kusan kullum sakamakon ɗaya ne: kakakin wannan jam'iyya, kakakin waccan, sai masu kiran waya da muryoyinsu ba sa canzawa daga tasha zuwa tasha, waɗanda kowa ya san aikinsu ke nan. Injiniyan magudanai ko ma'aikacin hukumar hasashen yanayi, in an kira shi ma, minti biyu ne. Matar da ruwa ya tafi da buhunan gawayinta kuwa sai dai a ji kukanta na daƙiƙa goma a farkon shiri. Daga nan muke shiga tambayar wa ke da tashar. Ghana tana da 'yancin jarida da za ta yi alfahari da shi, tsarin mulkin 1992 ya kare shi, an soke dokar ɗaure ɗan jarida kan ɓata suna a 2001. Amma tasha kasuwanci ce, kuma da yawa na 'yan siyasa ne ko na makusantansu. Oman FM ta Kennedy Agyapong ce, ɗan siyasar NPP, Radio Gold kuwa an daɗe da sanin kusancinta da NDC, babu wanda ke ɓoye wannan. Ga kuma soli, ɗan kuɗin mota da ake miƙa wa 'yan jarida bayan taro. Ɗan jaridar da albashinsa bai kai ƙarshen wata ba, in ma'aikata ko ƙungiyar agaji ta kira taro a otal ta ba shi takardar sanarwa da ambulan, labarin da zai fito gobe sanarwar ce da sunansa a sama. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Kokon da ake yin cakulan da shi misali ne da nake wucewa da sauri amma ba na tsallake shi. Amfanin da ya haura tan miliyan ɗaya a kakar 2020/21 ya faɗo zuwa kusan rabin haka a 2023/24, farashi a kasuwar duniya ya wuce dala 10,000 kan tan. Jaridun waje sun fi son su ce yanayi ne, domin shi ne labarin da mai cin cakulan a Landan zai gane. Yanayin ya taka rawa. Amma akwai cutar kumburin reshe, akwai fasa-ƙwauri zuwa maƙwabta, akwai galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, da ke cinye gonaki yana mayar da kogunan Pra da Offin ruwan kunu. Kogin da injin haƙar zinariya ya dama, ba hayaƙin Turai ne ya dama shi ba, kuma duk wanda ya lulluɓe shi da sunan sauyin yanayi akwai wanda yake karewa.

Zafin aji yana tashi ne idan muka iso siyasar duniya. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya ba. Mu Hausawa muna cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a wannan lamari tsuntsun yana cikin inuwa, na gefe ake dukan. Ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara a taron Copenhagen na 2009, wa'adin 2020 ya wuce ba su cika ba, kuma kaso mai yawa na abin da suka bayar bashi ne. A Baku a 2024 aka tsaya a biliyan 300, alhali ƙasashe masu tasowa sun nemi sama da tiriliyan ɗaya. Ghana kuwa, da ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje a Disambar 2022, tana haƙo mai a rijiyoyin Jubilee tun 2010. Akufo-Addo ya faɗa a taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021 cewa rashin adalci ne a nemi Afirka ta bar albarkatunta a ƙasa. Yarana duka suna tare da shi a wannan, har 'ya'yan gidajen da ba a ambaton sunansa da alheri. Ni ma ina ganin yana da hujja. Abin da nake tunasar da su kawai shi ne, shugaba yana iya faɗin gaskiya a Glasgow, gaskiyar nan kuma ta zame masa mayafi a gida. A Fabrairun 2024 aka sa harajin hayaƙi, sidi 75 a shekara kan babur da keke mai ƙafa uku, gwamnatin da ta biyo baya ta soke shi a 2025. Na tambaye su: harajin nan don yanayi aka sa shi ko don baitulmali ya bushe? Soke shi kuma don talaka ne ko don alkawarin kamfe? Sun yi ta musu har aka tashi, ɗan mai okada yana gaba-gaba.

Shi kuma na can baya mai cewa ruwa na Allah ne, ban taɓa yi masa gardama ba, domin ni ma haka na yi imani. Malamin da ya shigo aji a Nima da niyyar ya kafa kimiyya a kan kabarin ƙaddara, ya rasa ajin tun kafin ya buɗe baki. Kuma babu buƙatar haka. Yaran nan da yamma makarantar allo suke, sun san ayar Suratur Rum da ke cewa ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata, sun san Annabi Yusuf bai ce fari ƙaddara ce ya naɗe hannu ba, rumbu ya gina. Abin da nake so yaron ya lura da shi shi ne bakin da kalmar ta fito. Tsohuwar da ta rasa komai ta ce ikon Allah ne, haƙuri take nema wa zuciyarta. Ɗan kwangilar da aka biya kuɗin yashe kwata bai yashe ba, in ya faɗi wannan kalmar, wani abu daban yake nema.

Haɗarin darasin duka shi ne yaro ya fita da cewa kowa maƙaryaci ne. Na ga hakan ya faru. Yaron da ya daina yarda da rediyo da jarida ba ya zama mai bincike kai tsaye, sau da yawa faɗawa yake hannun saƙon murya na WhatsApp. Lokacin ambaliyar Dubai ta Afrilun 2024, da yake gidaje da yawa a nan suna da 'yan'uwa masu aiki a ƙasashen Larabawa, saƙonni suka cika wayoyi cewa jirage ne suka haɗa ruwan, daga nan kuma aka zarce cewa Turawa ke sarrafa damina da na'ura. Wani ɗalibina mai kaifin kai ya kawo min wannan da alfahari, a ganinsa ya aikata abin da na koya masa, ya ƙi yarda da manyan kafafe. Sai da muka zauna muka bi saƙon: wa ya fara faɗa, ina awonsa, in ƙarya ce wa zai kama shi? Jarida mai suna da adireshi, ko da tana da son zuciya, ana iya zuwa ƙofarta, ana iya kai ƙararta hukumar kula da kafafen yaɗa labarai. Muryar da aka turo sau ɗari ba ta da ƙofa. Na nuna masa masu aikin tantance labarai, ciki har da Dubawa, ya yi murmushi da ya ga sunan da harshensa ne.

Wani uba ya taɓa zuwa makaranta a kan wannan darasi, da rigarsa ta Juma'a, ransa a ɓace. Ya ce, "Malam, boko na kawo shi ya yi, ba siyasa ba." Na ba shi kujera na ce, "Baba Alhaji, ku duba allon da kanku." Shekarun nan biyu suna nan ban goge ba, 2015 da 2023. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ai shi ruwan 2015 a Alajo ya same shi, ya kwana a kan rufin shagonsa. Ya ba yaran labarin kusan rabin sa'a, ya faɗi inda ruwan ya fara shigowa da kwatar da aka rufe da gini shekara biyu kafin nan. Bai ce ya yarda da darasin ba, ni ma ban tambaye shi ba.

Matsalar da ta rage min ita ce jarrabawa. Tambayar da ke fitowa ba ta wuce a kawo dalilai huɗu na sauyin yanayi da illolinsa huɗu, mai duba takarda kuma yana da jerinsa a gefe: sare itatuwa, ƙona daji, hayaƙin motoci, hayaƙin masana'antu. Babu maki ga yaron da ya rubuta cewa ya danganta da wa ke mulki. Ana saura mako biyu a shiga jarrabawar bara, yarinyar nan mai maganar suna da hukunci ta tsaya a bakin ƙofa bayan an tashi, ta ce, "Malam, wanne za mu rubuta, na littafi ko namu?" Na ce ta rubuta na littafi.